Awa biyu a mako: zauren 'yan mata da lissafin tsakar gida a Adar

Duk ƙungiyar da ta sauka a wani gari na jihar Tawa da niyyar tara 'yan mata a zauren koyo, abin da take fara roƙo a wurin iyaye shi ne lokaci: awa biyu ko uku, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Ga mai zama a ofis a Yamai wannan ba wani abu ba ne. Amma a gidan da yarinya mai shekara goma sha biyu ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai surfe, ita ce mai goyon ƙani, da la'asar kuma ita za ta ɗauki faranti ta zaga gari da ƙosai ko dafaffiyar gujiya, awa biyun nan kuɗi ne, kuma uwa ta san ko dala nawa ne. Gardamar da aka saba yi a kan waɗannan zauruka, tsakanin masu cewa wayewa ce da masu cewa ɓata tarbiyya ce, tana tsallake wannan lissafi. A ganina kuwa a nan ne ake gane zauren da zai ɗore da wanda zai watse ranar da motar masu shirin ta daina zuwa.

Tsarin da aka fi sani a ƙasar nan shi ne Illimin, wanda gwamnati ta fara a 2013 tare da UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a. Ana tara 'yan mata masu shekara 10 zuwa 19, musamman waɗanda ba su taɓa shiga lakwal ba ko suka fita, masu aure da marasa aure, a raba su rukuni-rukuni, a ba su wata mace da ta girme su kuma ta yi karatu ta jagorance su na tsawon watanni kamar takwas. Wurin haɗuwa kan zama aji bayan an tashi, ko rumfa a harabar likita, ko wani fili da mai gari ya bayar. Ana koyar da karatu da ƙidaya, da sanin jiki da tsafta, da tattalin kuɗi, da haƙƙin da doka da addini suka ba mace. Jagorar tana bin gidaje, lokaci-lokaci kuma a kira taron gari a yi magana da maza. Daga 2015 shirin SWEDD na Bankin Duniya, wanda ya fara da Nijar da Mali da Burkina Faso da Cadi da Muritaniya da Kwaddibuwa, ya ɗauki irin wannan tsari ya faɗaɗa, har ya ƙara da zaurukan samari masu shirin aure. Ƙungiyoyi manya da ƙanana sun bi sahu, kowace da sunan da ta raɗa wa nata, amma in ka leƙa ɗaya kamar ka leƙa saura: tabarmi, allo, littafin hotuna mai manyan shafuka, da mace ɗaya a gaba.

Dalilin zuba kuɗi a nan ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa cikin matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin ɗari an yi musu aure kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin su kai 15. Babu ƙasar da ta kai wannan kashi 76 a duniya. A lokacin, in aka daidaita, mace ɗaya tana haihuwa 7.6, kuma matan da ke iya karanta jimla ba su wuce kamar kashi 14 ba. Binciken 2021 ya nuna haihuwa ta sauko zuwa 6.2, to amma auren wuri yana nan da yawa a karkara. A binciken 2012, Yamai daban take, auren kafin 18 can wajen kashi ɗaya cikin uku ne; Maraɗi da Damagaram sun haura 80; Tawa, mai mutum sama da miliyan 3 a ƙidayar 2012, tana sahun jihohin da abin ya yi yawa.

Kafin a zo kan abin da zaure ba ya iyawa, ya kamata a faɗi abin da yake iyawa, don yana da yawa, kuma ba shi ne ake yawan sa wa a rahoto ba. Ɗauki ƙidaya. Yarinyar da ta yi shekara biyar tana talla ba ta bukatar kowa ya koya mata lissafi. Ka ba ta jika ka ce ta cire dala talatin da biyar, kafin ka rufe baki ta miƙo maka canjinka daidai. Inda take tuntuɓe shi ne, ita da dala take ƙirga, takarda kuwa sefa ɗai-ɗai take rubutawa. Abin da bakinta ke kira dala hamsin, a rubuce 250 ne. Dala ɗari kuma 500. Jagora mai basira takan zube tsabar kuɗi a kan tabarma, ta sa kowace yarinya ta ɗauki ɗaya ta faɗi sunansa, sannan ta juya shi ta karanta lambar da ke jiki, har ta gane cewa sau biyar ne tsakanin abin da ake faɗa da abin da ake rubutawa. Daga ranar da ta kama wannan, in yayanta ya aiko kuɗi daga Abijan ta Nita ko Al Izza, ita za ta karanta wa uwarta saƙon da ya shigo waya, ba sai an kira yaron maƙwabta ya ga sirrin gida ba. Uwa tana ganin wannan amfani da idonta cikin mako kaɗan, kuma shi ne yakan sa ta daina ƙunƙuni in lokacin zaure ya yi.

Na biyu shi ne maganar jiki. Kunya tsakanin uwa da ɗiya, balle ɗiyar fari, ta sa 'yan mata da yawa suna ganin jinin al'ada karon farko ba wanda ya taɓa gaya musu komai. Da can kaka ko gwaggo ke ɗaukar wannan nauyi, yanzu ba kowane gida ke da su kusa ba. A zaure ana faɗin abin da sunansa, a nuna yadda ake ninke ƙyalle da wanke shi da shanya shi a rana, ba a ɓoye shi a ƙarƙashin katifa yana ɗanye ba. Wasu jagorori sukan kwashi rukunin gaba ɗaya su kai su likita su gaisa da ungozoma, su ga ɗakin awo, su ji cewa tun wajen 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa da na maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ko da yake samun magani a kan kanta wata magana ce daban. Yarinyar da ta taɓa taka ƙofar nan da ƙafarta ba ta jin tsoron komawa ranar da naƙuda ta yi tsawo. Wanda ya taɓa zuwa asibitin Danja kusa da Maraɗi, ko cibiyar masu yoyon fitsari ta Yamai, ya ga shekarun waɗanda ke kwance, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na uku ba ya cikin darasi ko kaɗan: ƙawaye. Samari suna da fada, wato majalisarsu ta hira, tun shekarun 1990, ga shayi, ga rediyo, ga inda za su kai kukansu. Kafin nan akwai samariya, ƙungiyar matasa ta gargajiya, wadda shugaba Seyni Kountché ya farfaɗo da ita ya mai da ita ginshiƙin mulkinsa, kuma akwai dandali inda 'yan mata ke gaɗa da dare. A garuruwa da yawa dandalin ya mutu, wani wuri wa'azi ya kashe shi, wani wuri talabijin da waya. Abin da ya rage wa yarinya shi ne bakin rijiya da hanyar talla. Zaure ya zama wuri ɗaya tilo da za ta zauna da sa'o'inta ba tulu a kai, ba wanda ke ƙwala mata kira, kuma ga babbar mace da ba uwarta ba wadda za ta iya gaya wa cewa an fara maganar aurenta. Sau da yawa ta nan labari ke fita tun goro bai rabu ba, lokacin da sulhu ke yiwuwa.

To amma wanda ke yanke maganar auren ba ya cikin zauren. Uba ne, ko baffa, ko kakan da ya yi alkawari tun yarinyar tana goye. A Adar, wannan yanki na jihar Tawa, kuma akwai wani ƙarin abu: ci-rani. Da an gama kaka maza ke watsewa, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Kamaru ko Najeriya, wasu su shekara biyu uku ba su dawo ba. Gidan yana hannun uwa, ciyarwa tana wuyanta in aike ya yi jinkiri, amma hukunci yana zuwa ne ta saƙon murya a WhatsApp. Saurayin da ya dawo daga ci-rani da kuɗi a aljihu kuma sauri yake, so yake a ɗaura kafin ya koma, kafin kuɗin su narke. Yarinya na iya haddace duk darasin da aka yi mata kan illar auren wuri, ta iya faɗinsa tiryan-tiryan gaban baƙi, amma ba za ta ɗaga kai ta ce wa baffanta a'a ba, kuma duk tsarin da ya ɗora nasararsa a kan ta yi hakan ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Uwar ma ba don ƙiyayya take riƙe ta ba. In jagora ta zo bin sawu, abin da takan ji bai wuce wannan ba: "Malama, ni ban hana ta ba. Amma in ta zauna wurinku, wa zai kai mini tallar? Da me zan yi mata kayan ɗaki?" Gado da katifa da kabad da kwanuka da labule da gara duk a kan uwa suke, kuma sau da yawa sun ninka sadakin da aka karɓa. Ranar jere mata za su shigo su duba, su fita su yi magana, maganar kuma za ta bi yarinyar har gidan miji da wurin kishiya. Don haka tun tana shekara bakwai ake ɗora mata faranti, ribar ana sayen kwano ɗaya yau, zane ɗaya gobe, ana turawa ƙarƙashin gado. Ga inda abin ya ɗaure kansa: tallar da ake yi don a tara kayan aure ita ce ke kai yarinya tasha da bakin kasuwa da majalisar maza, inda ake taya ta da abin da ba na farantin ba. Da uwa ta fara jin ƙishin-ƙishin, ko ta ga ƙirji ya fara fitowa, tsoron abin kunya ya shigo, sai a ce gara a rufa mata asiri tun da wuri. Talla tana jawo tsoro, tsoro yana gaggauta aure, aure yana bukatar kaya, kaya suna bukatar talla. Zauren da bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a gefe yake tsaye.

Za a ce ai lakwal ce maganin, kuma gaskiya ne yarinyar da ke aji ba a cika taɓa ta ba. Sai dai a duba inda ake zubewa. Firamare ta shiga ƙauyuka da yawa, amma kwaleji tana garin da ya fi girma, wani lokaci tafiyar kilomita goma ko fiye. Yarinyar da ta gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, sai an nema mata gidan da za ta zauna, a can kuma ta zama mai wanke-wanke da raino, ta je aji da barci a ido, makinta ya faɗi, a kore ta tun shekarar farko. Uban da ya ga haka ta faru da ɗiyar maƙwabcinsa ba zai tura tasa ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Wannan ne ya sa Mohamed Bazoum, da ya hau mulki a 2021, ya sa gina wa 'yan mata makarantun kwana a gaba, irin wadda aka buɗe a Kelle cikin jihar Damagaram. Tunanin ya kama ainihin ciwon, ko da mutum bai yarda da siyasar mai shi ba. Ga mafi yawan 'yan matan karkara dai, tsakanin shekara goma sha biyu da ɗakin miji babu wani abu da aka tanada, kuma uba yana kallon wannan zaman a matsayin zaman banza mai haɗari. In ka ce masa ya jira, zai tambaye ka ta jira me.

Doka ma ba ta tsaya da ƙafa biyu ba. Kundin dokokin farar hula ya sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma yawancin aure ma ba ta wannan kundin ake ɗaura shi ba, ta al'ada da addini ne. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. A 2012 an kawo ƙudurin kare 'yan mata 'yan makaranta, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka tashi, aka mayar da shi. Sai a Disamban 2017 shugaba Issoufou Mahamadou ya sa hannu kan dokar da ta tanadi kariya da tallafi ga yarinyar da ke karatu, ita ma ba ta ɗaga shekarun aure ba. Wanda ya bi wannan tarihi zai gane cewa duk lokacin da aka nufo maganar daga sama, da lambar shekaru a gaba, ana shan kaye. Inda ake samun sauƙi shi ne inda limamin gari da kansa ya ce neman ilimi wajibi ne ga mace da namiji, kuma ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, ya faɗe shi a huɗuba ba don an ba shi kuɗin zama taro ba. Sarakunan gargajiya ma sun shiga wannan aiki ta ƙungiyarsu ta ƙasa, kuma kiran uba zuwa fada ya fi takardar kotu saurin aiki a ƙauye.

An gwada irin waɗannan zauruka a wasu ƙasashe an kuma auna su da kyau, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A Uganda ƙungiyar BRAC ta buɗe wa 'yan mata kulob-kulob da ke haɗa koyon zaman duniya da koyon sana'a. Bayan shekara huɗu masu bincike sun tarar da cewa a garuruwan da aka yi shirin, masu abin yi na samun kuɗi sun ƙaru da kusan rabi, cikin ƙuruciya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka kai tsarin Tanzaniya da ƙarancin kayan aiki da wuraren haɗuwa na aro, ba a ga wani canji ba. A yankin Amhara na Habasha, tsakanin 2004 da 2006, shirin Berhane Hewan ya haɗa zaure da kayan makaranta da alkawarin dabba ga gidan da bai aurar da ɗiyarsa ba har ƙarshen shirin. Auren 'yan shekara 10 zuwa 14 ya ragu ƙwarai, amma na waɗanda suka haura 15 bai ragu ba. An jinkirta ne, ba a hana ba. Ni ban raina jinkirin ba, don tsakanin haihuwa a shekara goma sha huɗu da haihuwa a goma sha bakwai akwai rayuka. Abin lura shi ne, inda aka ga tasiri, akwai wani abu da ya shiga hannun gida ko hannun yarinya, ba magana kaɗai ba. Kusa da mu, a karkarar Zariya, masu zaurukan 'yan mata sun ɗaure aikinsu da abu ɗaya da iyaye ke iya gani: yarinya ta iya karatu da gaske, ta ci jarrabawa, ta wuce sakandare.

Masu shirye-shirye a nan sun san haka, shi ya sa kusan kowane zaure ke ƙarewa da koyon sana'a. A nan ne nake da ƙorafi. Sana'o'in ba sa wuce ɗinki, saƙa, sabulun ruwa, man shafawa da turaren wuta. A koya wa 'yan mata talatin haɗa sabulu a ƙauyen da kasuwarsa ke ci sau ɗaya a mako, sinadarin kuma sai an je Konni ko Tawa, ranar bikin rufewa a jera robobi a ɗauki hoto, bayan wata biyu babu mai yi. Alhali ga albasar Galmi da Madawa da ake fitarwa har Gana da Kwaddibuwa, wadda take faɗuwa warwas lokacin girbi ta yi tsada bayan 'yan watanni, kuma mata sun daɗe suna yanka ta suna shanyawa suna yin gabu. Ga kiwon rago na layya, ga man gujiya da ƙuli-ƙuli, ga zogale, ga cuku a arewacin jihar. Waɗannan suna da masu saye tun kafin a haifi shirin, kuma ana yin yawancinsu a cikin gida, wato suna iya maye gurbin faranti. Tunkiya ɗaya da yarinya ke kiwo da sunanta tana iya kawo abin da tallar watanni ba ta kawo ba, ba tare da ta taka tasha ba. Uwa za ta saurari wannan lissafin.

Akwai kuma waɗanda ko ƙofar zauren ba sa isowa. Amarya mai shekara goma sha huɗu ita ta fi kowa bukata, ita ce kuma sai miji da uwar miji sun yarda ta fita. Makarantun mazaje, inda magidanta ke haɗuwa su tattauna lafiyar matansu, da aka fara a jihar Damagaram wajen 2008, an yi su ne don irin wannan ƙofa. A yankin Konni da Madawa da Illela akwai tsohuwar al'adar wahaya, inda ake sayen yarinya daga zuriyar da ake kira bayi a ajiye ta bayan mata huɗu. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12, ta kai ƙasar Nijar kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi nasara a Oktoban 2008, da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, amma yarinyar da ke cikin wannan hali ba ta cikin jerin sunayen da mai gari zai miƙa wa masu shiri. A arewa kuma, wajen Tiliya, inda aka kashe mutum 137 a Maris na 2021, iyalai sun bar garuruwansu, makarantu sun rufe, kuma uban da ke gudun hijira yana ganin aure shi ne katangar da ta rage wa ɗiyarsa.

Sai maganar kuɗi, wadda yanzu ta zo gaba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Konni ta rufe na tsawon watanni, masu ba da tallafi da dama suka dakatar da nasu. A 2025 Amurka ta rushe USAID, hukumarta mai ba da tallafi a ƙasashen waje, ta kuma yanke abin da take ba UNFPA. Hukumomin ƙasa su ma sun tsaurara sa ido kan ƙungiyoyi, sun janye izinin wasu. Kuɗin shiri dama kamar ruwan Magiya yake: da damina ya zo da ƙarfi har ya ci gona, da rani ka taka wurin da takalmi. Zauren da alawus ɗin jagora da alli da tabarma duk daga waje suke zuwa, ranar da aka ce zagaye ya ƙare shi ma ya ƙare.

A ƙasar nan kuwa muna da wani abu da ya nuna cewa ba dole ne haka ta kasance ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ta ɗora shi a kan asusun da mata suka riga suka sani. Mata ashirin zuwa talatin su haɗu rana ɗaya a mako a tsakar gidan ɗayarsu. Akwatin ƙarfe a tsakiya, makullan suna hannun mata daban-daban, akwatin kuma yana kwana gidan wata da ba ta riƙe makulli ko ɗaya. A kira suna, kowace ta ajiye zubinta a faifai kowa na gani, dala ashirin ko hamsin, yadda suka yanka wa kansu. Wadda ta makara ta biya tara. A ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla, kowa ta riƙe a ka, mako mai zuwa kafin a buɗe akwati sai an tambayi nawa aka bari. Mai bukata ta ɗauki rance ta dawo da shi da ɗan ƙari, wasu rukunan kuma saboda gudun riba sukan sayi hatsi da kaka su sayar da bazara. Ƙarshen zagaye a fasa a raba. Ba a ba su jari daga waje ba, horo kawai aka yi musu na wasu watanni aka janye. Sama da shekara talatin ke nan abin yana tafiya, ya bazu Tawa da sauran jihohi, an kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 matan da suka fito daga waɗannan rukunai suke zama kansiloli.

Matan da ke zagaye da akwatin nan su ne uwayen 'yan matan da ake nema a zaure. Su ne masu faranti, su ne masu tara kayan ɗaki, su ne kuma za su iya haɗa baki su ce a garinmu an rage yawan kwanukan jere, abin da mace ɗaya ba za ta iya yi ita kaɗai ba don gudun gori. Shi ya sa nake ganin zauren 'yan mata ya fi zama daram in a jikin rukunin uwaye aka jingina shi tun ranar farko, ba a zo da shi daban a nemi izininsu daga baya ba. Su zaɓi jagora, su zaɓi rana da sa'ar da ba ta ci karo da kasuwa ko aikin albasa ba, 'yan matan su yi nasu ƙaramin akwatin a ƙarƙashin idonsu, rancen farko na tunkiya ya fito daga can. Wasu ƙungiyoyi sun riga sun fara haɗa su haka, kuma uwar da kuɗinta ke cikin abu ba ta bari ya lalace.

Wannan ma yana da nasa cikas, ba zan ɓoye ba. In uwaye ne masu zaure, akwai darussan da za su ce a tsallake, musamman na tazarar haihuwa ga marasa aure, kuma yarinyar da matsalarta daga gida take ba za ta saki baki ba in ta san jagora ƙawar innarta ce. Matan da suka fi talauci, waɗanda ko dala ashirin ta mako ba sa iya zubawa, ba sa cikin rukunin, 'ya'yansu kuwa su ne aka fi saurin aurarwa. Akwatin ƙauye kuma ba zai gina kwaleji ba, ba zai biya malami ba. Wannan aikin gwamnati ne da na magajin gari, kuma babu dabarar mata da za ta ɗauke musu shi.

Jagorar ita ce wurin da abin ya fi rauni. A ƙauyuka da yawa macen da ta kai aji na uku ko na huɗu a kwaleji ɗaya ce ko biyu, kuma ita ma budurwa ce ko sabuwar amarya da miji zai iya ɗauke ta zuwa wani gari gobe. In an kawo ta daga birni, iyaye ba su san asalinta ba, ba sa sakin jiki. In 'yar gari ce, ita ke shan zagi ranar da aka fasa wani aure, ita ake nunawa a ce tana hure wa yara kunne, duk a kan alawus da ke zuwa a makare. Abin da ya fi sauƙi, kuma ba a cika sa shi cikin kasafi ba, shi ne tun a watannin farko a ware biyu ko uku daga cikin manyan 'yan matan rukunin, waɗanda suka fi saurin kama karatu, su riƙa tsayawa gaban allo tare da ita, ana ba su wani abu daga tarar makara da ribar akwati, yadda in ta tashi ba sai an jira wata mota daga Tawa ba.